Gonakin da Ake Ɗaga wa Garma

Malam Falalu ma'ajin fayil ne a wata hukumar filaye a Dutse. Ba zan kira sunan hukumar ba. Na zauna ɗaki ɗaya da shi wata goma sha huɗu, daga farkon shekarar 2005, ina sabon gama digirin kwamfuta. Abin da ya same shi da hannuna a ciki. Ina so a san ko wane ne shi.

An haife shi a Gidan Arzika, ɗan ƙauye mai gida ashirin da 'yan kai, in ka fita Dutse ka nufi wajen Jahun. Allo ya yi, sai ajin yaƙi da jahilci na rani biyu. Yana saurayi masu awon ƙasa suka zo daga Kano suna neman mai jan sarƙa, aka nuna shi, domin doguwar ƙafa gare shi kuma ba ya ƙorafin rana. Shekara goma sha bakwai yana jan sarƙar nan. Daga Kiyawa har Aujara da wuya a sami iyakar gonar da bai taka ba. Kana kiran lambar fili zai ce maka, "Wannan ai na gefen kukar nan ne mai kogo. Yashi ne, gyaɗa yake so."

Da aka yi Jihar Jigawa a 1991 sai aka kwaso fayiloli daga Kano a bayan babbar mota aka zube a wani ɗaki, wasu ba bango, wasu gara ta ci rabinsu. A lokacin masinja ne. Shi ya zauna a ƙasa wata biyar yana haɗa su, domin shi kaɗai yake duban guntun taswira ya ce ta ina ce. Daga nan aka ba shi makullin ɗakin, ba a sake karɓa ba. Kowane fili ya buɗe masa kati, ya buga masa hatimin irinsa: gona, fuloti, burtali, maƙabarta.

A bazarar 1996 sanƙarau ya shiga Gidan Arzika. Cikin kwana huɗu ya ɗauke matarsa Mu'minatu da 'yarsu Ikilima mai shekara tara. Su ke nan gare shi. Maƙabartar garin tana da nisa, masu haƙa sun gaji, wasunsu ma suna kwance, don haka aka binne su a bayan gida kusa da rumbu. Mutum goma sha ɗaya aka binne haka a ƙauyen a wannan bazarar. Bai sake aure ba, ya kama ɗaki a unguwar Takur cikin Dutse. Bayan shekara biyu aka tashi ƙauyen, aka ce za a gina rukunin gidajen ma'aikata a wurin. Mutane suka matsa gaba kaɗan suka yi sabon zama. Gidajen dai ba a gina ba. Katangun ƙasa suka narke, masu wuri suka dawo suna noman kufansu, ba wanda ya hana. Ƙanensa Abdulbaƙi ne yake noma inda gidansu yake a da.

Irin wannan gona tana da ladabinta. Ana barin ɗan tsibirin gamba a kan kabarin, a kifa fasasshiyar tukunya. Mai huɗa da shanu in ya iso wurin sai ya ɗaga garma, ya yi sallama, ya wuce taku huɗu, sannan ya sauke. Ba a zuba taki a wurin, ba a ɗaure akuya. Babu inda aka rubuta wannan, amma kowa a karkarar ya sani. Baƙo kuwa ciyawa kawai zai gani.

Malam Falalu in ya zo kan katin irin wannan gona sai ya buga mata hatimi biyu, na gona da na maƙabarta. A bayan katin ya rubuta da ajami adadin waɗanda ke kwance a ciki. Kati arba'in da ɗaya ne haka a ɗakinsa. Duk wanda zai haƙa rami ko ya yanka hanya sai ya zo wurinsa neman fayil, shi kuma sai ya juya katin ya ce, "Nan akwai mutane. Ku kauce." Haka aka yi shekara da shekaru, ba a taɓa tone kowa ba.

Ni kuma abin da ya kawo ni shi ne wannan. Hukumar tana da sashe huɗu: awo, tsara gari, ayyuka da noma. Kowanne da rajistarsa, kowanne da yadda yake kiran abu. Wuri ɗaya, wannan ya ce fili, wancan ya ce fuloti, wancan ya ce gona. An ɗauko wani ƙwararre, Injiniya Zailani, ya haɗa su a kwamfuta, ni aka ba shi mataimaki. Abin da muke ginawa yana kiransa ontoloji. A taƙaice, jeri ne na kowane irin abu da hukumar ke hulɗa da shi, da ma'anarsa guda ɗaya da kowa ya yarda da ita, da yadda yake danganta da sauran. In an gama, kwamfutar sashen ayyuka za ta tambayi ta sashen awo ta sami amsa kai tsaye, ba sai wani ya tashi ya ɗauko fayil ba. Na yi murna da aikin ƙwarai. A makaranta a takarda kawai na gan shi.

Teburina a ɗakin fayil aka ajiye shi, domin daga katunan Malam Falalu nake kwafa. Ranar farko ya dubi na'urar ya dube ni.

"Kai ne Talha? To, Malam Na'ura, wannan akwatin naka ya san inda Aujara take?"

Na ce, "Zai sani, Baba."

"In ya sani ka ce ya je ya sayo mana ƙosai."

Kullum da hantsi yana sayen ƙosan kuwa, ya raba biyu ya turo mini rabi a kan tsohon bangon fayil. In na karanta sunan gari ba daidai ba sai ya ce, "Digiri guda, amma an kasa kiran Kafin Hausa." Mutum ne mai barkwanci. Ban san labarin iyalinsa ba sai da muka yi wata shida.

Kwamiti aka kafa don amincewa da ma'anonin. A shekarun nan kowane kwamiti sai da malami a ciki, namu shi ne Malam Abdulrauf, dattijo daga gidan malamai, mai magana a hankali. Da aka zo kan maƙabarta ya ce ƙasar da aka keɓe don binne musulmi ta zama hubusi, ba a nomanta, ba a gini a kanta. Injiniya Zailani ya ji daɗi, ya ce, "Madalla, ka ga doka sarai." Ya juyo ya ce in rubuta: abin da yake gona ba ya zama maƙabarta, abin da yake maƙabarta ba ya zama gona. Na rubuta. Kowa ya sa hannu. Malam Falalu ba ɗan kwamiti ba ne, fayil ya kawo ya fita.

Akwai wata manhaja da ke bin bayanan tana neman saɓani da dokokin da muka sa. Ranar da na gama shigar da katunan na kunna ta, sai ta jero layi arba'in da ɗaya da jan rubutu. Na kira shi.

"Baba, waɗannan kuskure ne? Hatimi biyu-biyu."

Ya sunkuyo ya duba lambobin. "Ba kuskure ba ne. Gonaki ne masu mutane a ciki."

"To gona ce ko maƙabarta?"

"Duka."

"Na'urar ba ta yarda da duka ba."

"Ita ta binne su?"

Sai ya zaro kati ɗaya ya juya bayansa, ya nuna mini lambar biyu da ajami. A ranar ya gaya mini sunan Mu'minatu da Ikilima. Yana faɗa yana gyara gefen katin da babban yatsa, bai dube ni ba.

Na je wurin Injiniya Zailani da shawara. Na ce a ƙara dangantaka guda: gona tana iya ɗauke da kabari. Layi biyu ne kacal. Ya saurara, don ba mugun mutum ba ne, sannan ya ce, "Talha, kwamiti ya sa hannu. In zan ƙara ko wasali sai na koma gabansu. Ka san abin da za ka ce wa Malam Abdulrauf? Ka ce masa akwai gona arba'in da ɗaya da ake noma a kan kaburbura? Gobe za a tura Hisba a kewaye su duka. Ka zaɓar wa kowacce aji ɗaya. Ranar Litinin nake son jan rubutun nan ya ɓace."

Na dawo na shaida wa Malam Falalu. Ya gane lissafin kafin in gama. In an rubuta maƙabarta, gida arba'in da ɗaya sun rasa gona. In an rubuta gona, waɗanda ke kwance a ciki ba su da mai tsaron su a takarda. Na ce ko dai mu je wurin Malam Abdulrauf mu yi masa bayani. Ya ce, "A'a. Malami in ka tambaye shi dole ya faɗi abin da ke littafi. Kada ka sa shi a tsaka mai wuya, kada ka sa talakawa."

Ranar Asabar ya tafi ƙauye ya sami ƙanensa. Shi ya ba ni labarin yadda suka yi. Abdulbaƙi yana da 'ya'ya tara, kuma kufan nan ita ce gonarsa mai kyau. Ya ce masa, "Yaya, shekara bakwai ina ɗaga musu garma. Ko sau ɗaya ka ga na taka su? In aka kewaye wurin nan da waya, me zan zuba a rumbu?" Malam Falalu bai tsaya nan ba, ya hau motar haya ya zaga wurin masu gonaki shida. Duk bakinsu ɗaya.

Ranar Litinin ya shigo bai sayi ƙosai ba. Ya zauna ya ce, "Malam Na'ura, rubuta gona."

"Duka, Baba?"

"Duka. Ai ina nan. Duk mai haƙa sai ya biyo ta ɗakin nan, in gaya masa."

A nan ne laifina yake. Na san cewa manufar aikinmu gaba ɗaya ita ce kada kowa ya sake biyowa ta ɗakin nan. Ni na zana hoton da ke nuna haka, kibiya daga sashen ayyuka kai tsaye zuwa rumbun bayanai, babu ɗakin fayil a tsakani. Na buɗe baki, sai na ga in na faɗa kamar ina ce masa aikinsa ya ƙare ne. Na ji nauyinsa. Na ce a raina zan gaya masa wani lokaci. Na goge hatimi na biyu a layi arba'in da ɗaya, jan rubutu ya ɓace, Injiniya ya dafa kafaɗata.

Aka ƙaddamar da tsarin. Masu zuwa ɗakin fayil suka ragu, daga goma a rana zuwa biyu, daga biyu zuwa babu. Malam Falalu ya lura. Yakan ce, "Yau ma ba baƙi. Akwatinka ya cinye mini kasuwa." Sai ya yi dariya ya ci gaba da share katunansa. Ni kuma in yi dariyar da ba ta kai ciki ba.

A watan Maris na 2006 sashen ayyuka yana neman inda za a ɗebi burji don wata sabuwar hanya. Wani ma'aikaci ya zauna a teburinsa ya tambayi na'ura: filin da yake hannun gwamnati, mai burji, wanda ba maƙabarta a kusa da shi. Ta amsa daidai da abin da muka koya mata. Kufan Gidan Arzika ne ya fito a sama. Aka ba ɗan kwangila takarda. Rani ne, ba kowa a gona.

Ranar Talata wajen ƙarfe goma sha ɗaya Abdulbaƙi ya faɗo ɗakin fayil ba sallama, ƙafarsa ɗaya ba takalmi.

"Yaya, tashi! Katafila tana cikin gida."

Gida ya ce, bai ce gona ba.

Na ɗauki Malam Falalu a bayan babur ɗina. Da muka isa katafilar a kashe take. Direbanta yana zaune a ƙasa a inuwar taya, ya dafe kai, yana ta maimaita innalillahi. Ya ce tun asuba suke aiki, bai lura ba sai da ya ga ƙoƙon kai ya gangaro daga bakin cokalin. Ramin ya kai tsayin mutum biyu. Babu gamba, babu tukunya, babu alamar inda rumbu ya taɓa zama. Duk tsakiyar tsohon ƙauyen an kwashe.

Malam Falalu ya tambayi direban, "Ɗana, tifa nawa ta fita?"

"Tara, Baba. Wallahi ban sani ba. Takarda aka ba mu."

"Na sani. Ina aka kai?"

Ya nuna da hannu. An riga an zuba a kan sabuwar hanyar, an baje, injin daddaɓewa ya bi ta kan wani sashe.

Mutanen ƙauye suka taru, masu dangi a wurin da marasa shi. Aka kawo buhuna da manjagara da rariyar tankaɗe. Wasu suka shiga ramin, wasu muka bi hanyar. Malam Falalu ya tuɓe babbar rigarsa ya shimfiɗa, ya durƙusa a kan burjin yana tonawa da yatsu. Duk abin da ya samu sai ya hure shi ya ajiye a kan rigar. Na durƙusa kusa da shi. Ban taɓa riƙe ƙashin mutum ba sai ranar, kuma ban san yana da rashin nauyi haka ba. Can ya ɗago wani ɗan siriri ya daɗe yana kallo. Yara uku ne cikin mutum goma sha ɗayan. Ya ce da ƙanensa, "Abdulbaƙi, wannan zai yi shekara tara?" Abdulbaƙi ya juya baya ya rufe fuska da hula.

Inda injin ya daddaɓe ƙasar ta yi tauri kamar siminti. Muka sara da diga har la'asar, abin da ke fitowa gari ne kawai. Limamin ƙauyen ya ce a tsaya haka. Abin da aka tara bai cika buhu uku ba. Aka naɗe a likkafani ɗaya, aka binne a kabari ɗaya a maƙabartar garin.

A hanyar dawowa na tsayar da babur na ce, "Baba, na san ba za su biyo ta wurinka ba. Tun ranar na sani, ban faɗa ba."

Ya ce, "Da ka faɗa." Bai ƙara ba, kuma bai taɓa tayar da maganar ba daga baya.

Bayan kwana biyu kwamiti ya zauna. Aka kira Malam Falalu, karo na farko, aka ba shi kujera. Ya bayyana yadda ake ɗaga garma. Malam Abdulrauf ya saurara har ƙarshe, idonsa ya kawo ruwa. Ya ce shi maganarsa a kan maƙabartar da aka keɓe take. Kabarin da larura ta sa aka yi a cikin mallakar mutum, a ganinsa, a kewaye shi shi kaɗai a kiyaye alfarmarsa, sauran gonar mai ita ya ci gaba da nomansa. Sannan ya dube mu ya ce, "Me ya hana ku tambaye ni?" Injiniya Zailani ya ce in ƙara layi biyun nan. Ban kai minti goma sha biyar ba na gama. Sauran gonakin yanzu suna cikin na'ura da kaburburansu, kuma duk mai neman wurin haƙa tana gargaɗinsa.

Malam Falalu ya zauna mako uku yana karanta mini bayan katunan ɗaya bayan ɗaya, ina shigarwa, yana sa ni in maimaita kowace lamba. Da muka gama ya miƙa makullin ɗakin ya nemi ritaya, saura shekara biyu lokacinsa ya cika. Ya bar ɗakinsa na Takur ya koma wurin ƙanensa.

An shimfiɗa kwalta a hanyar kafin damina. Ita ce yanzu hanyar kasuwa, kowa ita yake bi, har Abdulbaƙi da amalankensa, domin babu wata. Malam Falalu ba ya hawanta. In zai shigo Dutse sai ya zaga ta cikin gonaki, tafiyar sa'a guda da rabi, ga ciwon gwiwa. An yi masa magana, liman ma ya yi, ya ce ya ji.

Na je gaishe shi wata Juma'a da hantsi, aka ce yana bakin titi. Na hango shi tsaye a gefen kwalta, hannuwa a sama. In ya shafa sai ya yi taku kamar ashirin ya sake tsayawa. Wurin da aka zuba tifa taran nan ya kai rabin kilomita. Motocin haya suna wucewa da gudu, wani direba ya danna masa oda ya leƙo yana cewa, "Tsoho, ka matsa mana!" Ya matsa baya kaɗan. Na jira har ya kai ƙarshe sannan na ƙarasa na gaishe shi. Ya amsa, ya tambayi mutanen ofis ɗaya-ɗaya. Na ce in kai shi gida a babur. Ya dubi kwaltar ya ce a'a, in dai zan raka shi sai in ajiye babur ɗin mu bi ta gona.